Cinikin biri a sama: yadda nake shiga gwanjon domen daga Maradi

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin awaki ne. Litinin da Juma'a tun da sanyin safiya yana kara, ni kuma tun ina ɗan lakwal nake riƙe masa igiya. Mutum zai zo ya taya jar akuya da ƙarfinsa, Baba ya dube shi sau ɗaya, ya sunkuyo ya ce mini a kunne: "Wannan ba saye ya kawo shi ba, ɗan'uwan mai akuyar ne." Kuma in an bincika haka ɗin ne. Yau sana'ata haɗa wa ƴan kasuwa shafukan intanet a wani ɗan shago a unguwar Zariya, kuma aikin kan kai ni wata kara da ba a ganin fuskar kowa: gwanjon domen, wato sunan nan da ake bugawa a isa shafi, irin mai ƙarewa da .com.

Bara bayan sallar layya wani Alhaji mai fitar da aya da riɗi ya aiko yaronsa da babur a ɗauko ni. Na same shi a bakin sito kan tabarma, wayoyi biyu a gabansa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce: "Ɗana, mutanena na waje sun ce in sun aiko wasiƙa tana komo musu. Mi ya hwaru?" Na buɗe shafin kamfaninsa, babu komai sai tallace-tallace. Ashe yaron da ya buɗe masa shekarun baya da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajista, ya tafi Aljeriya neman kuɗi, lambarsa ba ta shiga. Sunan da ke jikin buhunan Alhaji da takardunsa na duwan yana gwanjo, saura kwana shida a rufe.

Abin da na fara fahimtar da shi, kai ma shi za ka fara riƙewa: domen haya ce. Kana biya shekara-shekara, ko ka biya gaba, iyaka shekara goma. Kundin .com gaba ɗaya yana hannun wani kamfanin Amurka, Verisign, wanda a Satumban 2024 ya sa kuɗinsa dala 10.26 kan kowane suna a shekara. Kamfanonin rajista irin su GoDaddy da Namecheap ƴan sari ne, su ɗora nasu su ba ka. In na ce dala a nan, ta Amurka nake nufi, ba tamu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Na taɓa ce wa wani dattijo sunan da yake so ya kai dala ɗari huɗu, ya sa hannu aljihu ya miƙo mini jika biyu, har da cewa in riƙe canji in akwai.

Kafin ka kai ga gwanjo, duba ko sunan yana fansuwa. Shiga lookup.icann.org ka buga shi, za ka ga kamfanin da ke riƙe da shi, da ranar da wa'adinsa ya cika, da halin da yake ciki. ICANN, hukumar da ke sa wa kamfanonin rajista doka, ta wajabta musu tun 2013 su tuna wa mai suna sau biyu kafin wa'adi, wajen wata guda da wajen mako guda, sannan sau ɗaya bayan ya cika. Bayan wa'adi kamfani na iya riƙe .com har kwana 45. In ya sake shi akwai kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, sai kwana 5 da ba mai iya taɓa shi, daga nan ya faɗo. In sunanka ne kuma kana iya shiga asusun, biya tarar ka huta ko da ta yi maka ciwo, ta fi gwanjo sauƙi nesa ba kusa ba. Mu ba mu da makulli, kuma a takarda ma sunan ba na Alhaji ba ne, na yaron ne.

A kara dillali la'ada yake ci, kuɗin akuya na mai akuya ne. A nan kuwa, kafin ka taya, tambayi kanka kuɗin aljihun wa za su shiga, don amsar ce ke gaya maka inda za ka sa ido. Gwanjon iri uku ne.

Akwai sunan da wa'adinsa ya cika amma kamfanin rajista bai sake shi ba tukuna. Maimakon ya bar shi ya faɗi, sai ya sa shi gwanjo, ko a dandalinsa kamar yadda GoDaddy ke yi, ko ta hannun irin su NameJet da SnapNames. Yawanci tsohon mai sunan ko tamma ba ya gani, dillalin ne ya koma mai akuya. Ni dai abin bai taɓa kwanta mini a rai ba, a ce wanda aka ɗora wa tuna maka ka biya haya shi ne zai fi samu in ka manta. Amma yana nan cikin doguwar yarjejeniyar da muke danna wa "na yarda" ba mu karanta ba. Kuma a irin wannan gwanjo, a wasu dandalin, tsohon mai suna na iya farkawa ya sabunta kayansa ana tsakiyar tayi, ko ma bayan ka ci. Za a maido maka kuɗinka, sai dai abin da banki ya ci wajen canji ya tafi. Saboda haka kar ka kai wa mai buga takardu aiki, kar ka sanar da kowa, sai ka ga sunan zaune cikin asusunka.

Akwai wanda ya gama duk kwanakin nan ya faɗo. A daƙiƙar da ya faɗo, kamfanoni irin DropCatch masu ɗaruruwan lasisin rajista sun riga sun cafke shi, kai da wayarka kar ka ɓata kuɗin intanet. Sai dai ka yi oda tun gaba a wurinsu. In kai kaɗai ka yi, ka samu a kuɗin oda. In kun kai biyu sai gwanjo, kuma nan dokoki suka bambanta: wani dandalin waɗanda suka yi oda kaɗai ke shiga, DropCatch kuwa buɗe wa kowa yake yi, har wanda bai san da sunan ba sai da ya gan shi a jeri.

Na ukun shi ne mai suna da kansa ya kawo kayansa, kamar a Sedo, kamfanin Jamus da ke birnin Kolon. Yana iya sa ɓoyayyen farashi wanda in tayi bai kai shi ba, albarka, ba a sallama ba. A nan ne ɗan'uwan mai akuya ya fi yawa.

Malamanmu najashi suke ce masa: mutum ya taya kaya ba don yana so ba, don dai ya zuga mai saye ya ƙara. Manzon Allah (SAW) ya hana shi, hadisin sananne ne. Gwanjon kansa malamai sun halatta, najashin ne haram. Kar ka ɗauka girman kamfani ya hana shi faruwa. A Nuwamban 2009 kamfanin da ke da SnapNames a lokacin ya fito da bakinsa ya ce wani babban ma'aikacinsu ya yi shekaru, tun 2005, yana shiga gwanjonsu da sunan aro, halvarez, yana taya sunaye tare da masu saye. Ƴan harkar sun daɗe suna gunaguni kan wannan laƙabi kafin a amsa musu. Daga baya kamfanin ya yi tayin maido wa waɗanda abin ya shafa rarar da suka biya. To in ɗan gida ya yi haka shekara huɗu, ina ga baƙon da ya buɗe asusu biyu, ɗaya na sayarwa ɗaya na tayawa?

Alamomi akwai, ko da yake ba hujja ba ne. Buɗe tarihin tayi ka karanta shi kamar yadda Baba ke karanta fuska. Mai tayin da ke ƙara mafi ƙanƙantar abin da aka yarda, yana bin ka taki-taki, sai ya tsaya cak daidai inda ka fara jinkiri. Laƙabi ko lamba guda da kake gani kullum a gwanjon mai sayarwa guda, ba ta taɓa ci ba. Sunan da aka ce an ci makon jiya, yau ga shi ya dawo don wanda ya ci bai biya ba, sai a aiko maka cewa kai ne na biyu, ko za ka karɓa a tayinka na ƙarshe? Wannan na ƙarshen ka yi hattara da shi, don tayinka na ƙarshe wancan da ya gudu ne ya kai ka can. In ka ga irin haka ka ɗauki hoton allo ka kai ƙara ga dandalin, amma kar ka jira hukuncinsu kafin ka janye hannunka.

Ni ma an taɓa dafa ni, ko in ce na dafa kaina. Farkon shigata harkar na ga wata kalmar Hausa mai daɗi, harafi biyar, an buɗe ta a dala 12. Na ce a raina hamsin zan tsaya. Mu biyu ne muka rage wajen ƙarfe goma na dare, ina zaune a ƙofar gida kusa da mai shayi. Ya ƙara biyar, na ƙara biyar. Da muka wuce ɗari ba sunan nake so ba kuma, mutumin nake so in kayar, mutumin da ban san ko yana Legas ko yana Indiya ko yana ofishin mai sayarwa ba. Na ci a dala 310, shayina ya huce ban kurɓa ba. Da gari ya waye na bincika, ashe an yi shekaru ana tallan caca da sunan, duk wasiƙar da na aika da shi cikin kwandon shara take faɗawa. Na biya masa haya shekara biyu ba wanda ya taya, na sake shi. Tun daga ranar ba na shiga gwanjo sai da adadi rubuce a takarda, da biro, a gefen kwamfuta.

Ga yadda ake fitar da adadin. Ba daga allo ake farawa ba, daga aljihu ake farawa, da sefa. Na ce wa Alhaji: "Baba, nawa ne in ya wuce shi gara mu sake suna mu sake buhuna?" Ya yi shiru yana jan carbi, ya lissafa buhunan da ke sito da takardun da za a sake bugawa, ya ce jika ɗari uku. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro, ba ta motsi, amma dalar Amurka hawa da sauka take yi, don haka nakan lissafa ta a sefa 600 in huta. Jika 300 ta ba ni dala 500. Daga ciki na cire kuɗin sabuntawa na shekara guda, wanda a gwanjon sunayen da wa'adinsu ya cika wasu dandalin ke ɗora shi a kan abin da ka taya. Na cire kuɗin zama ɗan dandali, wanda wasu ke karɓa duk shekara kafin su bar ka ka taya. Na ware kashi biyar cikin ɗari saboda abin da banki ke yanka in kati ya biya da kuɗin waje, naka bankin ka je ka tambaye su nasu. Abin da ya rage wajen dala 450. Shi na rubuta. Wasu dandalin suna da kamasho na mai saye daban, wasu suna ɗora haraji a shafin biya na ƙarshe, don haka buɗe shafin kuɗaɗensu a ranar, kar ka dogara da abin da wani ya gaya maka bara, har ni.

Sannan ka duba haƙoran akuya. Shiga archive.org ka buga sunan a Wayback Machine, zai nuna maka me aka yi da shi shekarun baya. Nemi sunan a Google ka ga da me ake ambatonsa. Kwafo shi daga shafin gwanjo ka dube shi harafi-harafi: rn a jere kan yi kama da m, lamba 1 kan yi kama da l, kuma akwai haruffan Rasha masu kama da namu sak. Irin wannan suna in ka duba shi a rajista za ka ga ainihinsa ya fara da xn--. Sunan da ya ƙunshi tambarin wani sanannen kamfani kuwa, ko kyauta ne bar shi. Tun 1999 akwai tsarin da mai tambari zai kai ƙara, galibi WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, ya biya dala 1,500, in ya nuna da mugun nufi aka riƙe sunan a ƙwace a ba shi, kai kuma ba mai maido maka abin da ka zuba a gwanjo.

Ƙimar da na'ura ke liƙawa kusa da suna, wai ya kai dala dubu kaza, ka ɗauke ta kamar kirarin dillali, don mai gwanjon ne ya sa ta. In kana son ganin abin da aka biya da gaske kan sunaye masu kama da shi, NameBio na ajiye tarihin ciniki. Gaskiya ne an sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019, kuma wannan labarin ya cinye jarin samari da yawa.

Ranar rufewa kuma shiri ne irin namu na nan. Yawancin gwanjon Amurka da ranarsu suke rufewa, wato darenmu, tsakaninmu da Arizona inda GoDaddy yake awa takwas ne. Cika batir tun la'asar saboda wuta, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban. Nita da Amana ba sa kai kuɗi can, kati ake so, irin Visa da ake loda wa kuɗi a banki. Loda shi kwana biyu kafin ranar, ka gwada shi da ƙaramin saye, ka tabbata an buɗe masa biyan waje kuma iyakarsa ta yini ta kai. Wa'adin biya gajere ne, wanda ya ci bai biya ba ana iya rufe masa asusu.

Wajen tayin, yawancin dandali suna barin ka sa iyakarka sau ɗaya, na'ura ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ake buƙata. Wasu na cewa kar ka nuna wa dandali iyakarka da wuri, kuma bayan labarin halvarez ban ga laifinsu ba. Amma ni a Maradi intanet ta fi ba ni tsoro. Abin da nake yi, ina bari sai saura kamar minti ashirin, in sa adadina gaba ɗaya sau guda, ba cikakken adadi irin 450 da kowa ke tsayawa a kai ba, 453 ko makamancinsa, in ture kujera baya. Kar ka yi dabarar jira sai daƙiƙar ƙarshe. A mafi yawan dandalin duk tayin da ya shigo cikin mintunan ƙarshe yana ƙara lokaci, yawanci minti biyar, kuma wannan doka ce ta adalci, ita ke hana mai saurin intanet ya yi wa irinmu fashi.

In ciniki ba ta dandali ya zo ba, mutum ya same ka ta WhatsApp ko imel, to sai da mai riƙon amana a tsakiya. Escrow.com sana'arsa ke nan tun 1999: mai saye ya ba shi kuɗi, mai sayarwa ya miƙa suna, mai saye ya tabbatar ya karɓa, sannan a saki kuɗin. Sedo ma na yin haka ga cinikin da ya bi ta hannunsa. Ku daidaita tun farko wa zai biya ladan riƙon, ka tabbata suna karɓar ƴan Nijar kafin ka yi alkawari, kuma ka buga adireshinsu da hannunka, kar ka bi mahaɗin da abokin ciniki ya turo. Wanda ya ce zai sayi sunanka da miliyoyi amma sai ka fara biyan wani wuri da ya zaɓa a yi maka takardar ƙima, kuɗin takardar yake nema, tsohuwar damfara ce.

Mai sayarwa kuma ya lissafa la'ada kafin ya yanka farashi. Afternic, dandalin sayar da sunaye wanda GoDaddy ya saya a 2013, ya sa a 2023 kashi 15 cikin ɗari ga sunan da aka jingina wa shafukansu na talla, kashi 25 ga wanda ba a jingina ba, kuma sukan sake lissafin. Baba in ya ji dillali ya ci rubu'in akuya da sai ya yi salati. Ka kuma tambayi ta wace hanya kuɗin za su iso Maradi, da nawa za a yanka a hanya, tun kafin ka sa kaya.

Daren gwanjon Alhaji bayan isha'i muka zauna a shagona, shi da babban ɗansa. Masu tayi uku ne. Ɗaya ya tsaya a 120, ɗayan ya bi mu. Duk ƙarin da ya yi sai agogo ya koma minti biyar, Alhaji ya ce: "Wai wa ne na? Ɗan garin ga ne?" Na ce Baba ba a gani. Da aka kai 380 ya dafa kafaɗata ya ce in an wuce in ƙara, ko jika ɗari biyar ne. Na tura masa takardar da ya sa na rubuta da rana. Ya dube ta, ya janye hannunsa. Mutumin ya ƙara sau ɗaya ya yi shiru, agogo ya ƙare a 395.

Sunan bai shigo asusun ba sai bayan kwanaki, kuma na gaya musu tun farko kar su tayar da hankali. Na kuma gaya musu sunan da aka yi wa sabuwar rajista ko ya sauya kamfani yakan zauna kwana 60 ba a iya fitar da shi zuwa wani kamfanin. Da ya shigo, asusun da sunan kamfanin Alhaji muka buɗe shi, ba da nawa ba, da imel ɗin da ba a kan domen ɗin yake ba, don in ya sake faɗuwa saƙon tuni ya samu inda zai sauka. Muka kunna tabbatarwa ta waya a layin ɗansa. Sabuntawa ta kai-tsaye ban amince mata ba, don katin lodi in babu kuɗi a ciki ranar ba abin da za ta cira, sai muka biya shekara biyar gaba. Alhaji ya sa aka kawo fenti, ɗansa ya hau buhu ya rubuta watan da shekarar a bangon sito, daidai saman sikeli.